Tagar Gabas ta Baba Anton

Sadiq da Hanan, na san za ku yi dariya idan kuka ji wai Yaya Zahra'u ta zauna rubuta tarihin rayuwarta tana da shekara goma sha bakwai. Abba ma da ya gan ni da littafi cewa ya yi masu rubuta tarihinsu furfura ce take sa su, ni kuwa rashin aikin yi ne. Ku ƙyale shi. Ba zan ɓata muku lokaci da ranar haihuwata ko sunayen makarantun da suka yi haƙuri da ni ba. Labari ɗaya ne ya zaunar da ni, wanda kuke ji a falonmu duk lokacin da Hajiya Laure ta zo sarin kaya daga Kano, wato labarin ranar da Umma ta yi wa Bature guɗa. Kuna dariya har Sadiq ya zamo daga kujera, amma ba ku taɓa lura ba cewa da an fara shi Umma take tashi ta shige kicin ta kunna famfo. Ranar da abin ya faru kuna Islamiyya. Ba yadda Hajiya take faɗa ya faru ba. Ni ce a tsakiyarsa, Umma ce ta cire ni daga ciki ta sa kanta.

A lokacin shekarata goma sha biyar, sunana a gida Rediyo. Abba ne ya raɗa min, ya ce bambancina da ta gaskiya shi ne ita ana iya kashe ta. Idan aka aike ni sayen burodi a ƙasan bene, kafin in dawo na ga kyanwa ta kori Bahindiye har bakin ruwa, na ga Balarabe ya ɗaura agogo mai faɗin faranti. Kowa ya san rabin zancena ƙari ne, kuma ƙarin ake so. Hajiya Laure, aminiyar Umma tun suna 'yan mata, takan sauka a gidanmu na unguwar Al Buteen a nan Dubai duk bayan wata uku, ta sari abaya da turare da takalma, Abba ya loda mata a kago, tunda aikinsa ke nan tura kayan 'yan kasuwa gida. Da ta ajiye jaka, tun kafin ta sha ruwa, za ta ce a kunna mata Rediyo. Ni kuwa a duniya babu abin da nake so kamar in ga babbar mace tana share hawayen dariya da gefen mayafi saboda ni. Ku riƙe wannan, domin shi ne tushen komai.

Kun tuna Baba Anton na hawa na biyar, dogon tsohon nan da yake ba ku alewa mai ɗaci kuna karɓa don kunya? Mutumin ƙasar Ostiriya ne, yana gyaran agogo a wani shago da bai fi ɗakin wankanmu ba, kusa da kasuwar gwal. Ya fi shekara ashirin a nan Deira, tsohon gefen birni. Sauran Turawa suna can unguwannin dogayen gine-gine, shi kuwa ya ce a bar shi a nan inda ake jin ƙamshin kifi da na shayi a numfashi ɗaya. Hausarsa kaf kalma biyu ce, "ina kwana", kuma da ita yake gaida Abba ko da magariba ce. Abba yakan amsa masa da "lafiya lau, maƙwabci", su wuce.

Wata Lahadi bayan la'asar na gudu saman bene don kada Umma ta sa ni wanke-wanke. Ina laɓe a bayan tankin ruwa sai na ji wani sauti, a hankali, kamar mutum yana kiran wani daga nesa ba ya so ya firgita shi. Na leƙa na ga Baba Anton a tsaye tsakanin injinan sanyaya ɗaki da igiyoyin shanya, da ƙaho na ƙarfe mai ruwan zinare, irin na 'yan badujala, ya juya wa birni baya yana fuskantar inda rana take fitowa. Da ya gama na tafa masa. Ya juyo ya ɗora yatsa a baki yana murmushi, ya ce wannan kiɗan ba a tafa masa. Daga ranar na zama 'yar kallonsa ta Lahadi, domin wanke-wanke ba ya ƙarewa. Natur, wato mai gadin benen, ya san yana hawa, ya kawar da kai tunda babu wanda ya taɓa kai ƙara. Kuma duk abin da yake busawa, da ya ga magariba ta gabato sai ya goge ƙahon ya mayar cikin akwati. Ya ce a garinsu idan ƙararrawa za ta yi magana ƙaho shiru yake yi, a nan ma idan ladan zai yi magana haka ya kamata.

A hankali ya ba ni labarin garin nasu. Ƙaramin gari ne a tsakanin duwatsu, a samansa akwai tsohon gidan 'yan zuhudu, wato malaman coci da suka bar aure da dukiya suka keɓe kansu don ibada. Cocin gidan yana da hasumiya, hasumiyar tana da taga huɗu, arewa da yamma da kudu da gabas. Tun zamanin kakannin kakanninsa, mutum huɗu daga cikin mutanen gari suke hawa da ƙahonsu, kowa da tagarsa. Ba sa busawa tare. Na arewa zai busa waƙar har ƙarshe, na yamma ya karɓa, sai na kudu, sai na gabas ya rufe, don sautin ya zagaye garin, kada wani gida ya ce bai ji ba. Daga nan a buga ƙararrawa. Suna yi a safiyar manyan bukukuwansu, suna yi ranar sabuwar shekara, suna yi kuma idan ana saka mutumin gari a kabari, amma wannan da waƙarsa daban. Mutanen da ke ƙasa ba sa ganin mai busa. Mai shara yakan jingine tsintsiya, mai shago ya fito bakin ƙofa, maza su cire hula, kowa ya tsaya inda yake har a gama. Wansa Yozef ne yake da tagar yamma, shi kuma ta gabas, har ranar da ya bar gida wani saurayi ya gaje shi. Na tambaye shi matakala nawa ne zuwa sama, ya ce yana yaro ɗari biyu ne, amma zuwansa na ƙarshe sun koma dubu. Na ce ashe shi ma Rediyo ne. Ya yi dariya har da tari.

Na faɗa muku duk wannan ne don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani.

A cikin sanyin shekarar aka yi masa aiki a ƙafa, jini ya daskare masa a jijiya, likita ya hana shi hawa jirgi na wasu watanni. Ya koma tafiya da sanda, ya daina hawa saman bene, domin lif a hawa na shida yake tsayawa, sauran matakala ne. Wata Laraba da rana ina dawowa daga makaranta muka haɗu a lif. Ya sa baƙar kwat da ban taɓa gani ba, an yi masa aski, takalminsa yana ƙyalli, akwatin ƙaho a hannunsa, da alama daga shago ya ɗauko shi. Idanunsa kuwa jajir. Bai ce min ina kwana ba. Ya ce yana neman alfarma: yau da ƙarfe biyar yana buƙatar saman bene shiru na minti goma kacal, in taimaka kada yaran benen su hau da ƙwallo. Na tambaye shi ko lafiya.

"Zan gaya miki daga baya, Zahra," in ji shi. "Yau ba zan iya ba."

Na ce kada ya damu, ko kurciya ba za ta sauka ba. Na ga idanun nan. Na ga baƙar kwat ɗin. Wani abu a cikina ya ce min rasuwa aka yi. Amma ina buɗe ƙofar gidanmu na tarar Hajiya Laure ta baje a tsakiyar falo, abayoyi sun kewaye ta, ita da Umma suna cire musu leda, washegari za ta koma Kano. Ta ɗago ta ce yawwa, ga Rediyo, me aka gani yau a gari? Su ma ashe sun hango Baba Anton ta taga yana shigowa cikin kwat. Umma ta ce ko ina tsohon nan ya je haka kamar ango.

Kalmar ango ɗin nan ita ta buɗe min baki. Na ce ai ango ne. Na ce yau za a ɗaura masa aure ta waya, da wata tsohuwar budurwarsa da ta jira shi shekara hamsin a bakin taga har gwiwar hannunta ta yi kanta. Na ce haƙoranta uku, biyu a sama ɗaya a aljihu. Na ce a al'adarsu ango ba ya biyan sadaki, ƙaho yake busa wa amarya daga wuri mai tsawo, idan numfashinsa ya kai ƙarshen waƙa an ɗaura, idan ya sarƙe an fasa, shi ya sa da ƙarfe biyar zai hau saman bene. Hajiya ta kwanta a kan abayoyi tana riƙe ciki. Umma tana dariya tana cewa Allah ya shirye ni. Da a nan aka tsaya, da ƙarya ce irin ta kullum, wadda take mutuwa kafin a ɗora tukunya.

Amma Hajiya ta tashi zaune ta gyara ɗankwali, fuskarta ta canza. Ta ce yanzu bawan Allah nan zai yi aure a ƙasar mutane, babu dangi, babu mai yi masa ko guɗa ɗaya? Ta ce wannan ba maƙwabtaka ba ce, a Kano ko kare aka ɗaura wa aure sai an taya shi. Ta dubi Umma ta ce ke da guɗarki take tsayar da mota a titi, yau ranarki ce. Umma ta yi ta nonnoƙewa, ta ce ba ta san al'adarsu ba, kada a shiga hurumin mutum. Sai ta juyo gare ni, ta daina dariya, ta kira ni da sunana na gaskiya.

"Zahra'u, da gaske auren ne, ko surutunki ne?"

Ga ƙofa a buɗe Umma ta ba ni. Da na ce wasa nake yi, da Hajiya ta jefe ni da filo an wuce wurin. Amma na riga na hango abin a idona, Umma da guɗa, Hajiya da rangaji, Bature da ƙaho, na ga labarin da zan ci shekara ina bayarwa. Na ce da bakinsa ya gaya min a lif.

Biyar saura kaɗan Umma ta sa sabon mayafi, ta zuba dambun nama a kwano mai murfi don a kai wa ango. Hajiya ta feshe mu da turaren da ta saro, ta ciro sababbin takardun dirhami daga jaka don liƙi. Muka hau lif zuwa hawa na shida, muka kama matakala. Tun daga nan muka fara jin sautin. Ba irin na Lahadi ba ne. A hankali yake tafiya, yana hawa kamar mai ɗauke da kaya, ya tsaya ya huta, ya sake hawa. Ban taɓa jin waƙar ba, amma na san ba ta aure ba ce. Ko Umma sai da ta tsaya a matakala ta ce wannan kiɗan angon da sanyin jiki yake. Hajiya ta ce haka nasu yake, ba su da ganga, maza mu je mu ɗumama masa. Ni ce a gaba. Hannuna yana kan ƙofar ƙarfen. Na tuna na yi alkawarin ko kurciya ba za ta sauka ba. Na tura ƙofar.

Kun san guɗar Umma. Ranar ta saki wadda ban taɓa jin irinta ba, na rantse har masu lodin firji a jiragen ruwa na bakin mashigin Khor sai da suka ɗaga kai. Wannan ba ƙari ba ne, ko kuma kaɗan ne. Hajiya ta wuce ni tana rangaji tana kiran ango ka sha ƙamshi, ta isa gabansa ta manna masa takarda a goshi. Gumi ya riƙe ta. Waƙar ta kai wani wuri da ta hau sama, a nan ta yanke, kamar an taka wa mutum maƙogwaro. Baba Anton ya sauke ƙahon. Sandarsa tana jingine da tanki. A kan tankin ya tsayar da wayarsa, a cikinta na ga bangon dutse, da wata taga mai tsawo, da farar dusar ƙanƙara a kan rufin gidaje, da fuskar wata mata cikin baƙaƙen kaya ta buɗe baki. Umma ta sake jan numfashi za ta yi ta biyu, ta ga fuskarsa, ta haɗiye. Can sai muka ji ƙararrawa daga cikin wayar, mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya.

Bai yi faɗa ba. Ya cire takardar daga goshinsa, ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu kamar ita ta yar. Ya yi magana a hankali da Turanci. Umma ba ta jin Turanci sai na cefane, ta taɓa ni ta ce me ya ce.

"Ya ce wansa ake binnewa yanzu," na ce.

Daga baya na ji sauran. Yozef ya rasu kwana huɗu kafin nan. Kafin ya rasu ya roƙi a bar wa ƙaninsa tagar gabas. Da likita ya hana shi tafiya, sai 'yan zuhudun suka yarda a yi abin da ba a taɓa yi ba: mutum uku su busa tagoginsu, 'yar marigayin ta tsaya a ta huɗu da waya a jikin lasifika, Baba Anton ya rufe daga Dubai. Ƙarfe biyar a nan ƙarfe biyu ne a can. Duk garin yana tsaye a maƙabarta, huluna a hannu. Abin da ya sauko musu daga tagar gabas waƙa ce da ba ta kai ƙarshe ba, sai guɗar Umma.

Muna saukowa Umma tana salati, kwanon dambu har yanzu a hannunta. Ta ce ba ke kika ce aure ba ne? A nan na yi ƙarya ta biyu, wadda ta fi ta farko muni, domin ita babu dariya a cikinta ko kaɗan. Na ce wataƙila Turancinsa ne ban gane ba. Umma ta yarda. Har ta dafa kaina ta ce kada in damu, laifinsu ne su manya da suka bi maganar yarinya. Kafin isha'i maƙwabta sun kai ƙarar hayaniya, washegari ofishin mai benen ya aiko da kwaɗo, natur ya garƙame ƙofar sama yana ta ba kowa haƙuri, yana cewa khalas, wato an gama magana, ba daga shi ba ne. Hajiya kuwa ta yi jimami na awa biyu, ta hau jirgi, kafin ta sauka Kano jimamin ya koma labari. Cikin mako ɗaya duk wanda ya zo ofishin kagon Abba sai ya tambayi lafiyar mai guɗa.

A rana ta uku Abba ya ce a shirya, za a je gaisuwa yadda ake yi. Umma ta dafa shinkafa da miyar kaza ba yaji. Muka hau hawa na biyar mu uku. Ban taɓa shiga gidansa ba. Agogo ne ko'ina, kowanne da tasa tafiyar, akwatin ƙaho kuma yana can saman kabad, inda mai ciwon ƙafa ba zai kai ba sai da taimako. Abba ya yi masa ta'aziyya da Turancinsa na kwantena, ya ce Allah ya ba da haƙuri, mu ma duk hanyar ke nan. Umma ta zauna a bakin kujera, ta ƙi ɗaga ido. Ta ce in gaya masa ita uwa ce, ta san zafin rashi, an binne mahaifinta ba ta nan, da ta san abin da ake yi da ko tari ba za ta yi ba. Na fassara. Sai ta ƙara da cewa in gaya masa yarinyar ce ba ta fahimci Turancinsa ba, ya yafe mata, ba da gangan ta yi ba.

Ku yi tunanin wannan. Ni ce zan ɗauki ƙaryata daga bakin Umma in kai wa mutumin da ya san abin da ya faɗa min a lif, harafi da harafi. Na fassara, ina kallon ƙafar tebur. Ya daɗe yana dubana. Agogunan nan suna ta ƙas-ƙas kamar suna gulmata. Sai ya juya wajen Umma.

"Haka ne," in ji shi. "Turancina ya tsufa. Wataƙila ni ne ban faɗa daidai ba."

Umma ta ce me ya ce. Da ya tona ni, da na san yadda zan yi, da na yi kuka na kawo wani zancen. Amma mutum ya ɗauki laifina ya ɗora a kansa, a ɗakinsa, kwana uku da binne wansa, kuma ni ake jira in fassara. Na ce da Hausa, ba abin da na gaya muku ne ya faɗa min a lif ba. Na ce cewa ya yi in hana kowa hawa. Na ce na ga idonsa, na san ba aure ba ne, na ƙirƙira ne don Hajiya ta yi dariya, kuma da kika tambaye ni na sake yi miki ƙarya. Baba Anton ba ya jin Hausa, amma bai nemi fassara ba. Abba ya cire hularsa ya dube ta ya mayar. Umma ta miƙe ta yi wa tsohon sallama da hannu a ƙirji, ta fita.

Na zaci zan sha duka, har na fi son dukan. Ba ta taɓa ni ba. A kicin na same ta da yamma, tana yanka albasa, ba ta juyo ba.

"Kin sa na yi guɗa a kan kabarin mutum," ta ce. "Da muryar da na yi ta ranar sunanki."

Kusan wata guda maganarmu ba ta wuce ɗauko da ajiye ba. Na roƙe ta ta bar ni in kira Hajiya in faɗa mata gaskiya. Ta hana. Ta ce Hajiya ba ta iya riƙe zance ba, kuma ita an riga an yi mata dariya an gama, babu abin da zai ragu a jikinta, amma yarinya mace idan aka sa mata sunan maƙaryaciya a Kano da Dubai, da shi za ta tsufa. Abin da ya sa har yau kuke jin labarin babu ni a ciki ke nan.

Abba ya je ofishin mai benen sau uku a kan kwaɗon nan, har da rakiyar wani abokinsa mai jin Larabci sosai, suka ce doka ce, an gama. Sai ya ce wa Baba Anton ga barandarmu, gabas take kallo, ya zo ya busa duk ranar da ya so, in dai ba lokacin salla ba ne. Na ga abin da wannan tayin ya ci wa Abba, kiɗan coci a barandar Musulmi, domin sai da ya kwana biyu yana juya shi. Tsohon ya yi godiya, bai zo ba. Ni na same shi a shagonsa, da gilashin gyaran agogo a ido ɗaya, na ba shi haƙuri da duk Turancin da na mallaka. Na ce ba za a iya sakewa ba? A sake haɗa wayar, ni zan tsaya a ƙofa da tsintsiya, ko sarkin garin ne ya zo ba zai wuce ba. Ya ɗan yi murmushi, ya cire gilashin.

"Sau ɗaya ake busa wa mutum, Zahra. An rufe shi da taga uku."

Ya ce ya yafe, kuma na san da gaske yake. Ya ci gaba da ce min ina kwana a lif, ya ci gaba da ba ku alewa mai ɗaci. Wannan ya fi min ciwo fiye da a ce ya daina kula ni. Ban sake jin ƙahonsa a benenmu ba. Da zafi ya shigo, likita ya sake shi, ya sayar da shagon ya koma gida gaba ɗaya. Abba ne ya loda masa agogunansa, ya ƙi karɓar ko sisi.

Wajen ƙarshen shekarar, wata Asabar muna karin kumallo, saƙo ya shigo wayar Abba. 'Yar Yozef ce ta turo, da hoton bidiyo. Ta rubuta cewa suna da rana guda a shekara da ake busa wa dukan mamatan garin a haɗe, kuma bana saurayin nan ya ba wa kawunta tagarsa. Ta ce sai da ya huta sau shida a matakala. Abba ya ajiye wayar a tsakiyar tebur. Ba a ganin masu busa a hoton, sai hasumiya da hazo da mutane a ƙasa a tsaye. Arewa ta busa, yamma ta karɓa, kudu ta bi. Waƙar nan ce, mai hawa kamar mai ɗauke da kaya. Da aka zo gabas Umma ta ɗora tafin hannunta a kan bakinta, ta danne, ba ta cire ba. Na bi sautin har wurin da ya hau sama, wurin da na tura ƙofa. Wannan karon bai yanke ba. Ya sauko a hankali, ya ja, ya tsaya.

Na ƙirga abin da ya biyo bayan wurin. Na mayar da hoton baya na sake ƙirgawa, har Abba ya karɓe wayarsa. Numfashi uku ne. Abin da ya rage masa ranar ke nan. Da na tsaya a bakin ƙofar nan na gyara takalmina kawai, da an rufe Yozef da taga huɗu.

Hajiya Laure za ta zo wata mai zuwa, kuma na san za ta fara. Umma ta hana ni faɗa mata, amma ba ta hana ni faɗa muku ba. Ban ce ku yi wa Hajiya rashin kunya ba. Idan ta kai wurin guɗar, kuka ga Umma ta tashi, kada ku yi dariya. Ɗayanku ya bi ta kicin ya kashe famfon, ya ce mata kun san wanda ya tura ƙofar.